Littattafan Kawu Masu Koren Bango

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, falon Kawu da ke unguwar Titiwangsa a Kuala Lumpur ya kasa ɗaukar jama'a. Takalma sun cika baranda har bakin matakala. Duk wanda ya shigo sai ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, mu amsa, sannan ya nemi wurin da zai raɓa. Wani ɗalibi ɗan Gusau ya ce Kawu ne ya tarye shi a filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan bai san kowa ba. Wata mata ta ɗaga murya daga bayan labule ta ce shi ya nuna mata lungun da ake samun kuɓewa da busasshen kifi a kasuwar Chow Kit, ya kuma koya mata yadda za ta taya ba a raina ta ba. Maƙwabcinsa ɗan ƙasa ya shigo da tukunyar shinkafa, ya ajiye, ya fita yana share ido.

A kusurwa kuwa akwai Baba na Jos, amininsa na kusan shekara talatin. Kirista ne, kuma tun safe yana tare da mu, har bakin kabari. Da falon ya ɗan lafa sai ya ɗauko magana.

"Mutumin nan," in ji shi, "a casa'in da bakwai, lokacin gasar nan, da ni da shi muka hau bas..."

Dakta ne ya tare shi. Dakta shi ne shugaban ƙungiyarmu ta 'yan arewa mazauna nan, mutum mai ƙoƙari, shi ya yi ta kai-komo a kan takardun asibiti da na jana'iza, ba zan ɓoye wannan ba.

"Yallaɓai, a bar maganar ƙwallo yau," ya ce. "Wannan kam Allah ya yafe masa ita."

Falon ya ce amin. Ni ma na ce amin. Baba ya kalli hannayensa, can ya tashi ya tafi.

Wannan amin ɗin ce ta hana ni sakat, ita da abin da ya biyo bayanta. Na daɗe ina juya maganar kafin in rubuta, don ba na so in zalunci kowa, kuma ina sane cewa cikin masu laifin har da ni. Amma raina a ɓace yake, kuma ina ganin ba daidai ba ne in yi kamar ba haka ba.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya zo Kuala Lumpur karatun safiyo a jami'ar da ke titin Jalan Semarak tun ba a haife ni ba, ya gama, aka riƙe shi koyarwa, ya yi ritaya, bai koma ba. Da na samu gurbin digiri na biyu, a hannunsa aka damƙa ni. Bai taɓa kirana da sunana ba. Farfesa yake ce mini, wai saboda ba na iya amsa tambaya sai na fara da "wataƙila". Ko shayi ya tambaye ni ina so, sai in ce ya danganta, sai ya juya ga mai shayin ya ce, "A ba Farfesa kofi ɗaya, zai gama bincike daga baya."

Mutum ne mai sallah a kan lokaci, mai azumin Litinin da Alhamis har ciwon suga ya hana shi. Ban faɗi wannan don in wanke shi ba, domin ban ga abin wankewa ba. Na faɗa ne don waɗanda suka ɗauka dole a zaɓi ɗaya, ko Kawu na sahun gaba ko Kawu na ƙwallo. Mutum ɗaya ne, kuma da hula ɗaya yake zuwa duka biyun.

Ga waɗanda ba su sani ba, a 1997 Malesiya ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta matasa ta duniya. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da suka zo. Ghana ta zo, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, Uruguay ta fitar da ita a ƙarin lokaci, daga bisani Ajantina ta ɗauki kofin. Wannan duk mai waya zai iya dubawa, ni ma na duba fiye da sau ɗaya. Abin da ba ya cikin waya shi ne yadda wasu ɗalibai baƙar fata, 'yan Kano da Jos da Kaduna da mutum biyu daga zangon Kumasi, suka bar ɗakin karatu suka bi Ghana gari-gari, tun daga Alor Setar can arewa. Kawu ne madugunsu. Ya ce da aka fara yi masa gorin cewa ɗan Nijeriya ba ya tafa wa Ghana, sai ya amsa, "A gida sai mu yi wannan faɗan. A nan duk wanda ya ga fuskata Afirka yake ce mini, to Afirka ce za ta buga."

A shagon shayi da abinci da ke ƙasan gidansu, irin wanda a nan ake kira mamak, yake ba da wannan tarihi, bayan la'asar, shi da Baba na Jos a tebur ɗaya. Kofunan shayi su ne 'yan baya, kwalbar yaji mai tsaron gida, cokula 'yan gaba. In ya ɗauki kofinka ya sa shi a fili, shayinka ya tafi ke nan sai an tashi wasa.

"Fasto, gaya wa Farfesa wanda ya fasa mana ganga," yakan ce. Fasto yake kiran Baba, ko da yake Baba injiniya ne, bai taɓa hawa mumbari ba.

"Wace ganga, Alhaji? Bokitin fenti ne."

"Da ka fasa shi ai kuka ka yi kamar ganga ce."

"Na yi kuka ne don an ci mu. Kai kuma da ka tafi sallah aka rama ɗaya ba ka gani ba, har yau kana ba da labarinta kamar kai ka buga."

"Addu'ata ce ta shigar da ita. Kai me ka tsinana ban da fasa bokiti?"

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne dokar wancan lokaci, wadda ta ce duk wanda ya fara ci a ƙarin lokaci ya gama wasa. Da ita aka fitar da Ghana. In ya zo nan sai ya kife kwalbar yaji a teburin, ya ce, "Ko alƙalin ƙauye yana bari wanda ake ƙara ya yi magana." Mai shagon ya saba, in ya ga an zo wurin sai ya matso ya ɗauke kwalbar tun kafin ta zube.

Wani lokaci, in gardama ta yi zafi, sai Kawu ya hau sama ya sauko da wasu littattafan rubutu guda huɗu masu koren bango, irin na 'yan makaranta, gefensu duk ya yi ja don tsufa. Da ajami ya cika su. Kawu ya iya boko sarai, da Turanci yake koyarwa, amma abin da ya shafi ransa da ajami yake rubutawa, har da jerin cefane. Zai buɗe, ya bi layi da yatsa, ya ce, "Ga shi nan, ranar na rubuta." Ba ya ba kowa su ya riƙe.

Sau ɗaya muka yi faɗa da shi, kuma a kan wannan ne. Ya faɗi mintin da aka ci wata ƙwallo, ni kuma da rawar kaina na zaro waya na duba, na ce, "Kawu, kamar dai ba haka aka rubuta a nan ba." A gaban Baba da wasu ɗalibai biyu na faɗa. Ya juyo ya kalle ni.

"Wayar taka ta gaya maka wanda ya ara mana tabarma muka yi la'asar a bayan filin?" ya ce. "Ta gaya maka tsohuwar da ta ɗaure mana shinkafa a ganye don ta ga mun yi nisa da gida? Ta san sunan ɗan Kumasin da ya suma?"

Na ce a'a.

"To ka riƙe mintinka."

Mako biyu bai neme ni ba, ni kuma kunya da tsoro suka hana ni zuwa. Ranar wata Asabar sai ga shi a ƙofar ɗakina da ƙunshin abinci a leda, ya yi mini tapau, wato ya sa an ƙunso mini, daga shagon nan. Ya ce, "Na duba littafi. Mai yiwuwa wayarka ce da gaskiya a kan mintin. Ci abincinka, ka rame." Bai zauna ba. Iyakar ban haƙurin da na taɓa ji daga bakinsa ke nan, kuma ni ya kamata in ba shi.

Yanzu sai abin da ya faru bayan rasuwarsa.

Ranar sadakar uku aka ce ƙanwar Inna tana hanya daga Kano don ta zauna da ita lokacin takaba. Inna ita ce matar Kawu. Ana bukatar ɗaki, sai aka ce a kwashe ɗakin karatunsa. Maza biyar muka shiga: Dakta, da malamai biyu na jami'a, da ni, da Yaya, babban ɗan Kawu, wanda a nan aka haife shi, yana jin Hausa amma da Turanci ko Malayanci yake amsawa. Dakta ya tsara aikin. Tufafi a yi sadaka da su. Littattafan boko a raba wa ɗalibai. Duk takardar da ke da rubutun Larabci kuwa a ware ta a kwali na daban, kada ta taɓa ƙasa, a kai ƙaramin masallacin unguwa. A can akwai akwatin da ake tara tsofaffin Alƙur'anai da suka yage, masu kula da abin su zo su kwashe, a ƙone su cikin mutunci, tokar a kai teku. Tsari ne mai kyau, ba ni da abin cewa a kansa.

Yaya ne ya jawo littattafan huɗu daga aljihun tebur. Ya buɗe ɗaya, ya ga baƙaƙen Larabci, ya sumbace shi ya miƙa wa Dakta. Dakta ya ɗan duba sama-sama ya ce, "Allahu akbar, addu'o'insa ne. Sa a kwali."

Na gane su. Koren bangon nan ba zai ɓace mini ba. Na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan kamar..."

"Kamar me?"

Duk suka juyo. Na tuna amin ɗin shekaranjiya. Na tuna cewa ni kaina ban iya karanta ajami ba, allona bai wuce 'yan surori ba aka mayar da ni boko, don haka in aka ce in nuna hujja ba ni da ita. Na ce a raina wataƙila yana da wasu masu irin wannan bango, wataƙila waɗannan na addu'a ne da gaske. Na ce, "A'a, ba komai."

Ni na ɗauki kwalin a kafaɗa na kai masallacin. Da hannuna na sa shi a akwatin.

A cikin ɗakin nan akwai digiri ya fi goma in aka haɗa. Babu ɗayanmu da ya iya karanta rubutun da kakanninmu suka yi wasiƙa da shi, kuma babu wanda ya ji kunyar hakan har ya tambaya. Mun ga baƙi mun sumbata, muka aika wuta. Inna tana ɗaki na gaba, taku uku daga inda muke tsaye. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ya ce, Inna, mene ne wannan? An ce mai takaba ba a damunta. Iya abin da na sani, ba a hana tambayar mai takaba abin da ke cikin gidanta ba. Mun kwashe ɗakin mijinta kamar ita ma mun binne ta.

Kwana takwas bayan haka na je gaishe ta. Tana zaune a kan darduma, ƙanwarta na gefe tana tsince shinkafa. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗan nan, duba mini aljihun teburin Kawunka, ka ɗauko mini littattafaina masu koren bango."

Na ce, "Naki, Inna?"

"Nawa mana. Ni ya rubuta wa."

A nan na ji abin da ban taɓa sani ba. Lokacin gasar ba su fi shekara da aure ba, tana Kano tana jiran takardun tahowa. Ba ta yi boko ba, amma ta yi karatun allo mai zurfi a gidan mahaifinta. Shi ne Kawu yake zama bayan kowane wasa, a tasha ko a cikin bas, ya rubuta mata duk abin da ya gani, tun daga filin har abin da suka ci a hanya. Da aka gama ya ba wani ɗalibi mai komawa gida ya kai mata. Da ta taho ta zo da su a cikin akwatin lefenta. A teburinsa suke zama don shi ke yawan buɗewa, amma nata ne.

Na ce mata ina zuwa, na sauka da gudu.

Mai kula da masallacin wani dattijo ne ɗan ƙasa, Pak Cik muke ce masa, wato kawu da harshensu. Na yi masa bayani da guntun Malayancina. Ya girgiza kai, ya ce masu kwasa sun zo tun ranar Litinin. Sai ya ce in dakata. Ya shiga ɗan ɗakinsa ya fito da littafi ɗaya. Ya ce lokacin da ake lodi ne wannan ya faɗo ya buɗe, ya ga zanen fili da raga biyu da 'yan ɗigo-ɗigo. Su ma suna da nasu rubutun da baƙaƙen Larabci, ya iya shi, sai ya gwada karantawa, ya ga ba Larabci ba ne, ba kuma harshensu ba.

"Bola, lah," ya ce, yana nuna zanen. Ƙwallo ke nan. Ya ce da ya lura da wuri da ya tsayar da sauran, amma motar ta riga ta tashi.

Baƙo, wanda bai san kalmar Hausa ko ɗaya ba, shi ya tsaya ya duba. Na bi sawun sauran ukun kwana biyu, daga wannan ofis zuwa wancan, kowa ya karɓe ni da mutunci, amsar dai ɗaya ce. An riga an gama da su.

Na je na sami Dakta a ofishinsa. Na shirya maganganu da yawa a hanya, da na zauna rabinsu suka gudu. Na dai faɗa masa abin da ya faru. Ya yi salati, ya ce abin bai yi daɗi ba. Sannan ya ce, "Amma ai da kyakkyawar niyya muka yi. Kuma ka gode wa Allah, labarin ƙwallo ne, ba takardun gida ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wasiƙun matarsa ne."

"To, a ba ta haƙuri. Ka ce ƙungiya na ba ta haƙuri."

Ban yi masa rashin kunya ba, ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Amma a nan zan rubuta abin da ban faɗa ba. Niyya mai kyau ba ta hana mutum tambaya. Kuma wanda ya roƙa wa mamaci gafara a kan abin da ba zunubi ba, a gaban amininsa, ya rage masa wani abu ne, ko da bai nufa ba. Muna yawan kukan cewa ba a rubuta tarihinmu a ƙasashen da muke zaune, yaranmu suna tashi ba su san an yi wasu kafin su ba. Ga mutum ya rubuta, da hannunsa, a ranar da abin ya faru, da harshenmu. Mu muka kai aka ƙone.

Da na gaya wa Baba na Jos, sai ya ce, "Ni ban iya karatunku ba, ɗana. Amma da kun nuna mini bangon kawai, da na gaya muku. Ina cikin littafin nan. Bokitina ma yana ciki." Ya yi 'yar dariya.

Na kai wa Inna wanda ya tsira. Na durƙusa a bakin ƙofa na faɗa mata komai, har da cewa na gane su tun a ɗakin, har da cewa ni na ɗauki kwalin. Ƙanwarta ta fara faɗa, Inna ta ɗaga mata hannu. Ta karɓi littafin, ta shafa bangon, ta buɗe shafin farko ta rufe.

"Na biyu ne," ta ce. "Na farko shi ne mai labarin hanya. Na huɗu shi ne wanda ya yi fushi a cikinsa."

Na ce in ta yarda, ta riƙa karanta mini, ni kuma in juya shi zuwa boko, in buga, don kada wannan ma ya salwanta.

"A'a," ta ce. "In na karanta maka ka rubuta, gobe wani ya mutu ku sake sumbatar takardarsa ku kai wuta. Je ka wanko hannu. Kai za ka karanta mini."

Yau kwana goma sha tara ke nan ina zuwa bayan la'asar. Ina zama a bakin ƙofa, ita tana kan dardumarta, ƙanwarta na yi mini dariya in na yi tuntuɓe. Rubutun Kawu ƙanana ne, ga shi a bas ya yi yawancinsa, wasu baƙaƙen sun hau kan wasu. Inna ba ta duba shafin, ta san abin da ke ciki, sai dai in na kauce ta ce, "Sake." Yaya ya fara tsayawa a bayana yana leƙe. Muna shafi na bakwai, kuma ban sani ba ko za mu kai ƙarshe kafin ta fita takaba.

Jiya na haɗa layi guda ni kaɗai, ba ta gyara mini ko baƙi ɗaya ba. Kawu ya rubuta: "Mun ci, Fasto ya rungume wani ɗan sanda. Na waiga in gaya miki, sai na tuna kina Kano."

Inna ta ce ya isa na yau. Ta karɓi littafin ta sa ƙarƙashin dardumarta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya ba Inna haƙurin rashinsa da haƙurin abin da muka yi mata. Mu kuma da muka ce amin ranar nan, mu ne ke bukatar a roƙa mana gafara.